Matatar kifin koi ta duro tana yoyo: da me ake toshe bakin bututu?

Mai_Koi_Tarauni

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Kwamin kifin koi ne, wato kifin ado, a tsakar gida, yana cin ruwa kamar lita 6,000, ana haɗa masa matata da shuɗayen duro biyu na roba masu lita 200. Injin da ke cikin kwami yana turo ruwa ta bututun inci ɗaya zuwa gindin duro na farko, ruwan ya taso ya tsallaka duro na biyu ta bututun inci biyu, daga nan ya gangara kwami da kansa. Kowane duro yana da bututun zubar da dauɗa a ƙasa.

Matsalar ita ce duk inda bututu ya ratsa jikin duro tsattsafo yake yi. An shafa silikon, ya bushe, ya ɗaye. An gwada gam ɗin bututu, ko kamawa bai yi ba. Yanzu mai shago yana cewa a sa Araldite, wani kuma ya ce kwalta. Wane abu ne yake riƙe wannan robar, ina ake samunsa, kuma wanne ne ba zai kashe kifi ba? Na gode.

Falamba_Sabongari

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ƙara kashe ko sisi a kan gam. Kifa duron ka duba gindinsa, za ka ga alamar kusurwa uku da lamba 2 a ciki, ko an rubuta HDPE. Wannan robar ba ta karɓar gam. Ka ɗauki kwalbar silikon ɗin da ka saya ka duba bakinta: wanda ya bushe a ciki, da ka ja shi da farce zai fito sumul da siffar bakin. Kwalbar da duronka dangin roba ɗaya ne, an zaɓe ta ne don abin da ke ciki ba ya manne mata. Shi kuma gam ɗin bututu narka fatar PVC, wato robar bututun, yake yi, bututu da soket su zama abu ɗaya. Robar duro ba ta narkewa da shi, sai dai ya bushe a kai ya ɓare. Araldite zai yi kamar ya kama, to amma duro yana buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin asuba, yana kuma kumbura idan ya cika da ruwa. Shi Araldite ƙandarewa yake yi, ba ya bin wannan motsin, sai ya rabu da jikin duro ta gefe.

Abin da ke tsare ruwa a jikin duro shi ne roba mai laushi da aka matse tsakanin abubuwa biyu masu tauri. Ka je shagon kayan famfo ka ce a ba ka bak-not na tanki, irin wanda ake ɗaura wa tankin GeePee. A Kano akwai su a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, a Abuja kuma Dei-Dei. Ka ce na roba kake so, kada ka karɓi na tagulla. Abu uku ne a haɗe: jiki mai haƙora da faffaɗan kai, wosha ta roba, da noti.

Hujin shi ne rabin aikin. Ka auna kaurin haƙoran bak-not ɗin da ke hannunka, hujin kada ya fi shi da sama da milimita 1 zuwa 2. Mai haƙoran inci ɗaya kaurinsa kusan milimita 33 ne, zarton huji na 35 ya yi. Mai inci biyu kusan milimita 60 ne, ka nemi zarto na 60 zuwa 62. Kamfanoni suna ɗan bambanta, shi ya sa ake sayen bak-not kafin zarto. Idan ƙaramin bakin tsakiya ya ratsa, ka mayar da dirila tana juyawa baya, haƙoran zarton za su ci robar a hankali ba tare da fizga ba. Huda duro da wuƙar da aka ɗora a wuta shi ne tushen yoyon da yawancin mutane ke fama da shi, domin bakin yana yin tudu da kwari, wosha ba ta samun wurin zama. Bayan huji ka kankare gashin robar da reza, ciki da waje, ka bi da samfefa mai laushi a bakin kawai. Kada ka goge fuskar da wosha za ta zauna, kowane karce hanya ce ta ruwa.

Wosha a gefen faffaɗan kan take zama, ba a ƙarƙashin noti ba. Idan ka sa ta gefen noti, ruwa zai bi ta cikin haƙoran ya fito, kuma notin zai murɗe ta yayin ɗauri. Kan ya kasance a cikin duro, wosha tsakaninsa da bango, noti a waje. Ka ɗaure da hannu iya ƙarfinka, sannan ka ƙara rubu'in zagaye da sifana. Da ka ga woshar ta fara tultsowa ta gefe, ka wuce gona da iri, ka sassauta.

Farin tef na masu aikin famfo ba shi da aiki a haƙoran da notin ke hawa. Wurinsa shi ne inda adafta ko bawul zai hau kan bak-not. Ka naɗa shi ta bangaren da ake ɗaurewa, zagaye huɗu zuwa shida, ka bar haƙori na farko a buɗe. Idan ka cika shi, soket ɗin roba zai tsage a tsaye, wani lokacin ba ranar ba, sai bayan mako ka ga layi siriri yana zufa.

Gam ɗin da ka saya kuma kada ka yar, shi ne na haɗa bututu da elbo da soket. Tangit ko makamancinsa. A yanka bututu a miƙe, a ɗan fiƙe bakinsa da magagari, a goge ƙura, a shafa wa duka biyun, a tura har ƙarshe da ɗan murɗi, a riƙe daƙiƙa 30 don kada ya turo kansa waje. A inuwa ake wannan aikin, a rana gam ɗin yana bushewa kafin ka haɗa. A bar shi awa 24 kafin ruwa ya bi, daga nan ba ya cutar da kifi.

Injiniya_Kakuri

Duk abin da Malam Falamba ya faɗa haka yake, sai dai akwai inda bak-not yake gazawa, kuma daidai wurin da Alhaji ke buƙatarsa ne. An yi shi ne don shimfiɗaɗɗen bango, shi kuwa cikin duro gantsararre ne. Faɗin duro mai lita 200 kusan santimita 58 ne. Idan ka ɗora kai mai faɗin santimita 6 a kan wannan lanƙwasar, gibin da zai rage bai kai milimita 2 ba, noti zai janyo bangon ya miƙe, wosha ta cike sauran. Kai mai santimita 9, wato na inci biyu, gibinsa ya kai milimita 3 da rabi. Na inci huɗu mai kai santimita 15 kuwa gibin ya kusa santimita ɗaya. Siririyar woshar da ke zuwa da shi ba za ta cike wannan ba, kuma mai ɗaurewa zai yi ta ƙara sifana har notin ya tsallake haƙori.

Hanya biyu ce. Ta farko a miƙar da wurin kafin a huda babban rami: a yi ƙaramin huji a tsakiya, a gasa da'irar kamar santimita 15 da bindigar iska mai zafi, ana yawo da ita har robar ta yi laushi ta fara sheƙi, sannan a matse ta tsakanin katako biyu masu kauri da dogon ƙusa mai noti, a bar ta ta huce da kanta. Kada a watsa mata ruwa. Robar tana narkewa a wajen digiri 130, saboda haka idan aka tsaya wuri ɗaya sai ta zube. Bayan ta huce a yanka ramin, a kuma canza woshar da wata mai kaurin milimita 4 ko 5.

Ta biyu ita ce Uniseal. Baƙar roba ce kamar zobe mai leɓe, ba noti ba gam. Ana cusa ta a ramin daga waje, a tura bututu ta tsakiyarta, bututun ya buɗa ta ta matse bakin ramin. Lanƙwasar duro ba ta dame ta ba, kuma tana barin bututu ya ɗan motsa. Ba kasafai ake ganinta a shagon kayan famfo ba, sai wajen masu kayan kiwon kifi na zamani ko a yi odarta ta intanet. Girman raminta ƙayyadadde ne, ba a kintace:

bututun inci 1, rami milimita 44
bututun inci 1 da rabi, rami milimita 64
bututun inci 2, rami milimita 76
bututun inci 4, rami milimita 127

Ga tarkon da ke ciki. An ƙera ta ne a kan ma'aunin bututun Amurka, inda na inci biyu kaurinsa daga waje milimita 60.3 ne, na inci huɗu kuma 114.3. A kasuwanninmu bututun ruwan wanka da ake kira inci biyu sau da yawa milimita 50 ne, na masai mai inci huɗu kuma 110. Ka sa bututun 50 a Uniseal ta inci biyu, zai shige ya fita ba abin da ya riƙe shi. Na 110 a ta inci huɗu zai yi kamar ya zauna, amma zai riƙa ɗiga. Don haka ka riƙe bania, wato ma'aunin kaurin bututu, ka je kasuwa, ka auna bututun da kanka, sannan ka yi oda. Ta inci ɗaya da rabi an yi ta ne don 48.3, bututun 50 yana shiga da ƙyar idan an fiƙe bakinsa sosai.

Wajen turawa ruwan sabulun wanke kwanuka kaɗan ya isa, a wanke daga baya. Ban da man shafawa, ban da girisi, ban da baƙin mai, duk suna kumbura roba su lalata ta. Bakin bututu kuma dole a fiƙe shi a goge, in ba haka ba kaifinsa zai yanki leɓen robar daga ciki inda ido ba ya gani.

Bututun zubar da dauɗa a huda shi a gindin duro inda yake a shimfiɗe, a kauce wa layin haɗin da ya ratsa tsakiya. Can bak-not ya fi dacewa. Sai a tuna duro cike da ruwa ya haura kilo 200. Idan aka ɗora shi a kan bulo biyu gindin ya lotsa, duk abin da aka ɗaura a wurin zai karkace. A yi masa daɓen siminti ko katako mai kauri da aka yanke wa hanyar bututu. Duro biyun su zauna a kan daɓe ɗaya, domin idan ɗaya ya nutse ko da santimita ɗaya ne, bututun da ya haɗa su zai zama sandar ɓanɓare bakin ramin. Kowane bawul a yi masa matokari, tun da kullum hannu na murɗa shi.

Hajiya_Kifin_Ado

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta bangaren lafiyar kifin zan yi magana, don koi ba tarwaɗa ba ne. Abin da tarwaɗa za ta shanye ta ci gaba da cin abinci, koi zai kwanta a ƙasa ya tsuke fukafukai.

Kwalta a cire ta daga lissafi. Wadda ake narkawa da kananzir ko fetur tana sakin mai a ruwa, za ka ga bakan gizo a saman kwami, kuma man yana lalata sassan da kifi ke numfashi da su. Haka fentin mai, haka jan gam na gasket ɗin mota.

Silikon kashi biyu ne a shago, kuma kwalaben kusan iri ɗaya. Wanda aka rubuta na banɗaki da kicin ne, ko aka ce yana hana baƙin fumfuna, an zuba masa maganin kashe fumfuna, wannan maganin yana fita a ruwa sannu a hankali. Shi ne bai kamata ya kusanci kifi ba, ba ya kuma yi wa ƙwayoyin halitta masu tsabtace ruwa da ake son su zauna a matata daɗi. Wanda ake nema shi ne zallan silikon, wanda aka rubuta na akwatin kifi na gilashi ne, mai warin ruwan tsami idan an matso shi. Masu haɗa akwatin kifi da masu aikin gilashi da alminiyom su ne suka fi sanin inda yake. A duba kwanan watan da ke gindin kwalba, wanda ya kwana biyu a shago mai zafi yana iya ƙin bushewa gaba ɗaya.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: laimar iska ce ke busar da silikon, ba zafi ba. Abin da kamfanoni ke rubutawa, wato milimita 2 zuwa 3 a awa 24, an auna shi ne a laima kashi 50 cikin 100. Da hunturu a Kano ko Katsina laimar tana faɗuwa ƙasa da kashi 20, sai sama ta yi fata, ciki yana nan danye. A irin wannan lokacin a rataya jiƙaƙƙen buhu kusa da aikin, a ba shi mako guda. Muddin hanci na jin warin tsamin, bai gama ba.

Amma fa kamar yadda aka faɗa a sama, ko mai kyan ne ba zai kama duro ba. Amfaninsa a gilashi ne da tayil.

Tagulla da jan ƙarfe guba ne ga kifi, musamman a ruwan da ke zagayawa wuri ɗaya wata da watanni. Bututun ƙarfe mai rufin zinki ma haka. Bawul, bak-not, adafta, duk su zama na roba. Idan dole sai an sa ƙusa a cikin ruwa, a nemi ƙarfe marar tsatsa.

Sannan Alhaji, me aka zuba a duron kafin ya zo hannunka? Wannan robar tana shan warin abin da ya daɗe a cikinta. Wanda ya ɗauko kayan abinci, kamar ruwan sukari ko man girki, a wanke da ruwan zafi da soda ya wadatar. Wanda ya ɗauko maganin ƙwari, maganin ciyawa ko sinadarin fenti, ba wankin da zai sa in yarda da shi. In takardar jikinsa ta goge kuma mai sayarwa yana kame-kame, a bar masa kayansa.

Mai_Koi_Tarauni

Allah ya saka da alheri, na fahimta. Duron na ruwan sukari ne, takardar tana jiki. Tambaya biyu suka rage. Woshar mai kauri da Injiniya ya ambata, za a iya yanka ta daga tub ɗin tayar mota? Sannan akwai niyyar nan gaba a gina matatar da bulo mai ɗaki uku a gefen kwamin. Can kuma me ake sawa inda bututu ya ratsa bango?

Injiniya_Kakuri

Tub yana yi. Robar butil ce, irin wadda ake shimfiɗa wa tafkunan kifi a Turai. Ka nemi na babbar mota don ya fi kauri, wanda ba a taɓa yi wa faci a wurin ba, ka wanke farar hodar da ke ciki da sabulu. Ka yanka daga wurin da ba layi mai tudu. Ramin tsakiya ya ɗan fi haƙoran ƙanƙanta yadda sai an ja shi zai shiga. Falle ɗaya mai kauri ya fi biyu sirara, domin biyun suna zamewa a kan juna idan ana ɗauri. In ka samu fallen robar da ake kira EPDM wajen masu kayan rijiyar burtsatse ko masu yanka gasket, ya fi tub jure rana.

Magini_Zariya

Alhaji, aikin siminti dokarsa daban. Siminti ba ya kama PVC. Yana bushewa ya ɗan tsuke, sai a samu siririn gibi zagaye da bututu wanda ko allura ba ta shiga, amma ruwa yana bi. Shafa filasta a kai daga baya ɓata lokaci ne. Tun kafin a binne bututun ake maganin abin.

Ka auna tsawon da zai shige cikin bango, ka goge shi da samfefa mai kaushi, ka shafe shi da gam ɗin bututu, tun yana danye ka birgima shi a busasshen yashi mai kaifi. Ya bushe, ka sake yi sau ɗaya. Yanzu jikinsa ya zama kamar na bulo, siminti zai samu abin kamawa. Ƙari a kan haka ka manna soket a daidai tsakiyar kaurin bangon, ko zoben da aka yanko daga bututu mafi girma, don ruwan da ya biyo jikin bututu ya tarar da shinge. Wurin kada a cike shi da guntayen bulo. A zuba kankare, a soka shi da rodi har ya zauna ta ƙarƙashin bututun, don can ne rami ke ɓuya.

Bulon ya zama mai inci tara, a cike ramukansa da kankare na 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a sa rodi a kusurwoyi. Ruwa mai zurfin mita ɗaya yana tura bango da gaske, kuma bangon da ke tsakanin ɗakuna yana shan wahala duk ranar da aka zubar da ɗaki ɗaya aka bar na kusa da shi a cike. Filasta kwano ɗaya na siminti, uku na yashi mai tsabta, shafi biyu, kowanne kamar santimita ɗaya. A ruwan kwaɓin a sa maganin hana yoyo. Idan Sika-1 ne, kashi ɗaya nasa, goma na ruwa. Kusurwar da bango ya haɗu da daɓe kada a bar ta da kaifi, a cike ta a zagaye ta da gindin kwalba, nan ne tsagewa ke fara fitowa. Shafin bango da na daɓe kada su haɗu a daidai kusurwar, ɗaya ya hau kan ɗaya. A rufe da buhu a riƙa jiƙawa na kwana bakwai aƙalla. Filastar da iskar hunturu ta busar a yini ɗaya za ta yi tsagar gizo-gizo ko da an zuba mata magani.

Zagaye da bakin kowane bututu, ta cikin ɗaki, a bar kwarmi mai faɗin santimita ɗaya da zurfin santimita ɗaya tun filasta tana danya. Bayan ta bushe sarai a cike kwarmin da abin toshewa mai laushi, na foliyuritan ko wanda ake rubuta wa MS, a tabbatar an rubuta a jikinsa cewa ya dace da tafkin kifi ko ruwan sha. Silikon mai warin tsami da Hajiya ta ambata ba na nan ba ne. Tsaminsa yana cin fuskar siminti, sai a samu gari a ƙarƙashinsa ya ɗago.

Sai babbar magana, wadda ta fi yoyo kashe kifi. Sabon siminti yana sakin farar ƙasa a ruwa, awon pH, wato ma'aunin tsami da kanwar ruwa, ya haura 10, alhali koi tsakanin 7 da 8.5 yake so. Kuma abin biyu ne: ammoniyar da kifi ke fitarwa, a pH 7 ƙasa da kashi 1 cikin 100 nata ne ke da guba, a pH 9 kuwa ya haura kashi ɗaya bisa uku. Masu tarwaɗa suna jiƙa sabon kwami da ganyen ayaba ko busasshiyar ciyawa, ba laifi, amma ga koi kada a dogara da ƙidayar kwana. A cika, a bar shi kwana biyu ko uku, a goge bango da burushi, a zubar, a sake. A auna ruwan da aka zuba, a sake auna shi bayan awa 48. Sai lambobin biyu sun zo kusa da juna sannan a haɗa matatar da kwami. Mai son gajarta wannan sai ya shafa fentin ifoksi na tankin ruwan sha, shi ma sai siminti ya cika kwana 28 ya bushe, in ba haka ba zai yi ƙuraje ya ɓare.

Falamba_Sabongari

Akwai abin da na san za a ba Alhaji shawara a kai idan ya je kasuwa, gara in riga su. Za a ce ya shafa silikon a kan wosha kafin ya ɗaure, wai ƙarin tsaro. Danyen silikon santsi gare shi, da an matsa noti sai woshar ta sulluɓe gefe guda. Busasshiyar wosha a kan busasshen bango mai tsabta, shi ke nan.

Ramukan da aka riga aka ɓata kuma ba sai an yar da duron ba. Idan ramin inci ɗaya ne ya yi faɗi, a mayar da shi na inci ɗaya da rabi, a rage da bushin, wato soket mai rage faɗi. Zarton huji ba zai tsaya a ramin da ya riga ya buɗe ba, sai a matse katako ta ciki don bakin tsakiya ya samu abin kamawa. Tsohon silikon a kankare shi tas, ko ɗan kaɗan ya rage zai ɗaga wosha.

Injiniya_Kakuri

In ramin ya wuce gyara, ana iya liƙe shi da wuta, amma da sharaɗi. Masu liƙin bokiti suna narka kowace roba da suka samu, ita kuwa HDPE da irinta kaɗai take haɗuwa. A yanko faci da siraran tsinke daga murfin duron da aka cire, a kankare fatar sama ta wuraren biyu har sabuwar roba ta fito, a narka bangon da tsinken lokaci ɗaya. In tsinken kaɗai ya narke, ɗorawa aka yi, zai ɓalle. Ni dai ba zan sa faci a ƙasan duro ba, sai a sama inda nauyin ruwa bai kai ba.

Kafin a zuba kayan tacewa a yi gwaji. A rufe bawul, a cika duro har baki, a share jikinsa ya bushe, a naɗa takardar goge hannu a ƙarƙashin kowane haɗi, a shimfiɗa jarida a ƙasa, a dawo bayan awa 24. Nauyin ruwan bai kai komai ba, don haka duk haɗin da ya yi zufa a nan aikin ne bai yi ba, a kwance a sake. Idan kuma ana zargin kwamin kansa, a ajiye bokitin ruwa a gefensa, a yi wa duka biyun alama. Da bazara rana tana shan ruwa sosai, abin da kwami ya ragu fiye da bokiti shi ne yoyo.

Abu biyu a tsarin Alhaji suna iya zubar da ruwa ko da kowane haɗi ya zauna daram. Ruwan da inji ya turo da ƙarfi ta inci ɗaya, da nauyinsa kawai zai fita, kuma bututun milimita 50 guda ɗaya yana iya kasa kwashewa, balle idan gansakuka ta fara taruwa a ciki. A sa biyu, ko ɗaya mai milimita 75 ko 110, sannan a ƙara wani a sama da su da santimita 5 wanda zai mayar da ambaliya cikin kwami. Na biyu, bututun shiga da ya nutse har gindin duro zai zuƙo ruwan baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, ya kwaso dauɗar da ta kwanta ya mayar wa kifi. A huda masa rami na milimita 4 ko 5 a cikin duron, ɗan sama da inda ruwa ke tsayawa, iska ta shiga ta katse zuƙar. A riƙa soka masa tsinke lokaci-lokaci don yana toshewa.

Injin kuma kada a ajiye shi a daɓen kwami. A ɗora shi a kan wani abu mai tsayin santimita 25 zuwa 30, yadda in wani haɗi ya saki cikin dare, injin zai ja iska kafin ya kwashe ruwan duka, kifin su samu abin da za su kwana a ciki.

Hajiya_Kifin_Ado

Ruwan gwajin nan kada a mayar da shi kwami, Alhaji, a ba shuke-shuke. Ya ɗebi sabulu da ƙurar roba da ragowar warin gam. A sake cikawa a zubar sau ɗaya, sannan a haɗa. Kuma sabuwar matata tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin da ke cinye ammoniya su zauna, a wannan tsakanin a rage wa kifin abinci zuwa rabi, a riƙa auna ammoniya da naitirait, gubar da ammoniya ke komawa, duk bayan kwana biyu.